Wa Zai Ba Da Shaidar Gari? Darasi Daga Masu Hoton Titi Na Kartum

Akwai wata magana da ake ji a kowane babban gari idan aka ga saurayi ko budurwa sun rataya kyamara suna bin titi, suna ɗaukar hoton mai shayi da mai gyaran takalmi da layin masu jiran mota. Nan da nan sai a ce, "Wannan ba shi da aikin yi." Wani ya ce ɗan leƙen asiri ne. Wani kuma ya ce wasan 'ya'yan masu kuɗi ne waɗanda ba su san zafin nema ba. Mai hoton biki kowa ya san amfaninsa, gama ana biyansa. Mai hoton fasfo ma haka. Amma wanda ya fita domin sha'awa kawai, ba wanda ya aike shi, ba kuwa wanda zai biya shi, shi ne ake yi wa kallon mara kan gado.

Wannan hukunci kuskure ne, kuskure kuwa mai tsada. Birnin Kartum na ƙasar Sudan ya riga ya biya kuɗin wannan darasi da gidajensa da kasuwanninsa, ya kamata sauran garuruwa su karɓe shi kyauta tun da sauran lokaci. Garin da 'ya'yansa ba su ɗauki hotonsa ba ya bar labarinsa a hannun baƙi da mahukunta, ranar da wuta ta ci shi kuwa ba shi da mai ba da shaida.

Gari uku a bakin ruwa ɗaya

Kartum ba baƙon suna ba ne a kunnen Bahaushe. Tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa, alhazan ƙasar Hausa suna ratsa Sudan, waɗansu su yi shekaru suna noma da ƙodago domin neman guzuri, da yawa kuma su zauna ke nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa kusa da Sennar kuwa yana ɗauke da sunansa. Mutanen Sudan suna kiran zuriyar waɗannan matafiya Fallata ko Takari. A zamanin nan ma ɗaliban Nijeriya masu yawa sun yi karatu a Kartum, har zuwa 2023 da aka kwaso su ta Masar da Port Sudan saboda yaƙi.

Birnin kansa gari uku ne. A wurin da ake kira Mugran, Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa su zama kogi ɗaya. Kartum tana tsakanin rassan biyu, nan ne fadar gwamnati da ofisoshi. Bahri tana arewa, garin masana'antu. Umdurman tana yamma, ita ce Mahadi ya mai da ita hedkwatarsa a 1885, ita ce kuma garin gargajiya, mai babbar kasuwa da kubbar Mahadi da gidan Halifa. A tsakiyar ruwan akwai tsibirin Tuti da gonakinsa. Duk mai ido ya san wuri irin wannan ya isa a ɗauki hotonsa. Tambayar ita ce, wa ya ɗauka, me kuma ya zaɓa ya nuna?

Idon baƙo

Shekaru da yawa amsar ita ce baƙi. Sojojin Ingila da suka ci Umdurman a yaƙin Karari na 1898 sun zo da kyamarori, suka ɗauki gawawwaki da fursunoni da kubbar Mahadi da igwa ta farfasa. Jami'an mulkin mallaka suka bi bayansu da nasu hotunan. Kaso mai yawa na wannan dukiya yana Jami'ar Durham a Ingila, inda aka buɗe ma'ajiyar tarihin Sudan a 1957. Watau ɗan Umdurman da yake son ganin yadda unguwar kakansa take a wancan zamani, a ƙasar waɗanda suka ci garin zai fi samunta.

Bayan 'yancin kai na 1956 ma hotunan Sudan da suka fi yawo a duniya na baƙi ne. Leni Riefenstahl, Bajamushiyar da ta yi wa Hitler fina-finai, ta fitar da littafin hotunan mutanen Nuba a 1973, ta nuna su a matsayin jikuna masu kyau marasa sutura, masu yawon buɗe ido kuwa suka yi ta tururuwa zuwa duwatsun domin su ga abin da ta gani. 'Yan Nuba da suke zaune a Kartum suna aikin soja da gini da koyarwa ba su shiga irin wannan littafi ba, gama ba su ne abin da baƙuwar ta zo nema ba.

A 1993 Kevin Carter na Afirka ta Kudu ya ɗauki hoton nan na yaro da yunwa ta kayar, ungulu tana tsaye a bayansa, a Ayod da ke kudancin Sudan na lokacin. Hoton ya girgiza duniya, ya jawo taimako, ya kuma samo masa babbar lambar yabo a Amurka a 1994. Ba za a ce hoton ƙarya ne ba, gama yunwar gaskiya ce. Amma shekara da shekaru duniya tana cewa yarinya ce, sai a 2011 wata jaridar Sifen ta nemo mahaifin, ya ce yaro ne namiji, ya kuma tsira daga wannan yunwa. Duniya duka ta san haƙarƙarinsa, ba ta san ko shi wane ne ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Yakan zo kwana bakwai, ya ga abin da ya fi ba shi mamaki, ya tafi da shi, duniya kuma ta ɗauka wannan ita ce ƙasar gaba ɗaya.

'Yan gida da abin da aka yi musu

Ba cewa Sudan ta rasa masu hoto nata ba. Rashid Mahdi, wanda ya rayu daga 1923 zuwa 2008, ya yi aikinsa a Atbara, garin jirgin ƙasa, ya bar hotunan ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da iyalai, kowa cikin shigarsa da mutuncinsa. Gadalla Gubara, wanda aka haifa a 1920, ya ɗauki Kartum a hoto da fim tun kafin 'yancin kai, har da tituna da gidajen rawa da motocin haya na shekarun 1960. Wanda ya ga waɗannan hotuna zai ga birni mai tsabta da walwala wanda jaridun waje ba su taɓa ba shi labarinsa ba.

To, yaya aka saka wa Gubara? Ya gina ɗakin shirya fim na kansa mai suna Studio Gad. Ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya yi shekaru yana shari'a a kan filin, a 2008 kuwa, shekarar da ya rasu, hukuma ta rushe ginin. 'Yarsa Sara ce ta tsaya a kan abin da ya bari, daga baya wata cibiyar fina-finai ta Balin mai suna Arsenal ta taimaka aka kwafe fina-finan zuwa kwamfuta. Hotunan Rashid Mahdi da na waɗansu tsofaffin masu hoto kuwa wani Bafaranshe, Claude Iverné, ya bi su yana tattarawa a ƙarƙashin wata ma'ajiya mai suna Elnour. Babu laifi a wurin waɗannan baƙi, sun yi aikin kirki. Laifin yana wurin masu gida da suka ɗauki aikin mai hoto a bakin banza har sai da na waje ya zo ya gaya musu darajarsa.

Abin da takardar izini take ɓoyewa

A zamanin mulkin Umar al-Bashir, daga 1989 zuwa 2019, baƙon da yake son ɗaukar hoto a Sudan sai ya nemi takardar izini. Takardar ta hana ɗaukar barikin soja da gadoji da tashoshin jirgi, wannan kowa zai iya cewa domin tsaro ne. Amma ta kuma hana ɗaukar unguwannin matalauta da mabarata da duk abin da aka ce zai ɓata sunan ƙasa. Ɗan ƙasa kuwa, ko da ba a nemi takarda a hannunsa ba, ya san jami'in tsaro yana iya tare shi a kowace kwana ya tambaye shi wa ya aiko shi.

A nan ne asirin masu hana hoto yake tonuwa. Wane sirrin soja ne a jikin mabaraci? Wace igwa aka ɓoye a bukkar buhu? A farkon shekarun 1990 hukuma ta sa katafila ta rushe unguwannin da 'yan gudun hijira suka kafa a kewayen Kartum, aka kwashe mutane masu ɗimbin yawa, galibinsu 'yan kudu da 'yan yamma waɗanda yaƙi da fari suka koro, aka zube su a sansanoni irin na Jabal Auliya da Wad al-Bashir, nesa da ruwa da wurin aiki. Makarantunsu da majami'unsu na zana da laka sun tafi tare da gidajen. Tsohuwar unguwar Hausawa da ake kira Ishash Fallata ita ma an tashe ta aka mai da mutanenta wani wuri. Dokar da ta hana ɗaukar hoton talaka ta yi wa mai katafila amfani ƙwarai, gama unguwar da ba ta da hoto, idan aka share ta, ana iya rantsewa ba a taɓa yin ta ba.

Haka matan nan masu sayar da shayi da gahawa a gindin itatuwa, waɗanda su ne alamar titin Kartum. Da yawansu zawarawa ne da 'yan gudun hijira masu ciyar da gida da ɗan murhu da kujerun roba. Shekaru suna shan kora da ƙwace kaya a hannun 'yan sandan da suke aiki da dokar tsarin jama'a ta 1996, wadda ba a soke ta ba sai a Nuwamba 2019. Ɗaya daga cikinsu, Awadiya Mahmud Koko, ta haɗa su cikin ƙungiyar taimakon juna, har Amurka ta ba ta lambar yabo ta jarumtar mata a 2016. Hukumar da take korar mai shayi da safe ba za ta so a ga hotonta da yamma ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Masu sha'awa

A cikin wannan hali ne waɗansu samari suka kafa Ƙungiyar Masu Hoto ta Sudan a 2009. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ala Kheir, wanda injiniyanci ya karanta, ya koya wa kansa hoto. Yawancinsu ba sana'arsu ba ce. Akwai ɗalibai da ma'aikatan ofis, suna haɗuwa suna duba aikin juna, suna koya wa na baya. Daga baya suka riƙa shirya baje kolin hotuna mai suna Mugran, tare da cibiyar al'adun Jamus ta Goethe.

Abin da suka ɗauka shi ne abin da kowa yake gani kullum har ya daina ganinsa. Tashar mota da asuba. Masu gyaran kwalekwale a Abu Rof. Zikirin 'yan ɗariƙa da yammacin Jumma'a a hubbaren Hamad al-Nil, da korayen riguna da ƙura da hayaƙin turare. Kokawar 'yan Nuba a Haj Yusuf. Tsofaffin shagunan tsakiyar Kartum da 'yan Girka da Kibɗawa suka gina. Mata cikin laffaya suna tsallake titi, guguwar ƙura ta taso ta rufe gada. Wanda ya tsaya kusa da su a lokacin zai iya cewa, "Me za a yi da hoton tashar mota?" Ba wanda ya san cewa shekaru kaɗan ne suka rage wa tashar.

Wannan sha'awa kuwa tana da horo a cikinta. Mai hoton titi yana koyon tashi da sassafe, gama hasken tsakar rana a ƙasa mai zafi yana ƙone fuska ya cika ido da inuwa, na safe da na la'asar shi ne mai laushi. Yana koyon haƙuri, ya tsaya wuri ɗaya har abin da yake jira ya shigo. Yana koyon gaisuwa da hira, domin mutane ba su sakin jiki da wanda ba su sani ba. Yana shiga unguwannin da iyayensa ba su taɓa takawa ba. A birnin da aka raba mutane bisa ƙabila da launi da addini, saurayin da ya zauna ya sha shayi a Mayo ko Haj Yusuf ya koyi abin da makaranta ba ta koya masa ba.

Ranar da aka nemi shaida

A ranar 6 ga Afrilu 2019 jama'a suka yi zaman dirshan a gaban hedkwatar soja a Kartum. Bayan kwana biyu wata mata mai suna Lana Harun ta ɗaga wayarta ta ɗauki wata ɗaliba, Ala Salah, tsaye a kan mota cikin farar laffaya, yatsanta a sama, jama'a kewaye da ita. Hoton ya zaga duniya. A ranar 11 ga wata soja suka sauke al-Bashir. Ba hoton ne ya sauke shi ba, jama'ar da suka yi watanni suna fita ne suka yi wannan. Amma a karo na farko cikin dogon lokaci duniya ta ga Sudan da idon 'yar Sudan, abin da ta gani kuwa mace ce a tsaye, ba yaro a ƙasa ba.

Sai ranar 3 ga Yuni, a ƙarshen azumi, dakaru suka afka wa wurin zaman. Ƙungiyar likitoci ta ce an kashe fiye da mutum 100, an tsamo waɗansu gawawwaki daga cikin Nilu. Mahukunta suka katse intanet fiye da wata guda, zane-zanen da matasa suka yi a bangayen wurin kuwa aka shafe da yawansu da fenti. Me ya hana a binne maganar? Wayoyin talakawa. Da aka maido da intanet hotuna suka fito, sashen bincike na BBC ya tattara bidiyo fiye da 300 ya jera su ya nuna yadda abin ya faru. Masu katse waya da masu shafe bango sun san darajar hoto sarai. Masu cewa wasan yara ne kaɗai ba su sani ba.

Abin da wuta ta ci

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Kartum tsakanin sojan ƙasa a ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun RSF na Hamidti. A watan Mayu ɗakin karatu na cibiyar Muhammad Umar Bashir a jami'ar Ahliya ta Umdurman ya ƙone da littattafansa da takardunsa. A cikin watan nan 'yan bindiga suka shiga majami'ar Mar Girgis ta Kibɗawa a Umdurman suka harbi masu sujada. A Satumba dogon benen kamfanin mai da ke kusa da Mugran ya kama wuta. A Nuwamba gadar Shambat, wadda ta haɗa Umdurman da Bahri, ta karye, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗayan. An wawashe gidan kayan tarihi na ƙasa. Sassan kasuwar Umdurman sun zama toka. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Da soja suka karɓe tsakiyar Kartum a Maris 2025, waɗanda suka fara komowa sun tarar da tituna da ba su gane ba.

To, yanzu a sake yin tambayar nan: me za a yi da hoton tashar mota? Uwar da take gudun hijira a Alƙahira ko Kampala ko Anjamena, da shi za ta nuna wa ɗanta inda aka haife shi. Maginin da zai gyara tsohon gini, da shi zai san yadda tagogin suke. Mai shagon da aka ƙone, wataƙila shi ne kaɗai abin da zai nuna cewa ya taɓa mallakar wani abu. Hoton da aka ɗauka domin nishaɗi a 2015 ya zama takardar gado.

Akwai kuma darasi mai ɗaci a ciki. Masu hoto da yawa sun fita da kayan jikinsu kawai, suna zaton kwana biyu za a yi, suka bar kyamarori da kwamfutoci da aikin shekaru a gidajen da aka wawashe daga baya. Abin da ya tsira shi ne abin da aka riga aka kwafe aka ajiye a wani wuri, kamar wanda shirin Sudan Memory ya tattara kafin yaƙin tare da wata jami'a ta Landan. Hoton da yake wuri ɗaya tak, ransa ɗaya ne da na ginin da yake ciki.

Abin da masu suka suke faɗi

Masu ƙin wannan sha'awa suna da hujjoji, ba kuwa dukansu ne na banza ba.

Ta farko ita ce mutunci. Suna cewa ba daidai ba ne a ɗauki fuskar mutum ba da yardarsa ba, a watsa ta duniya. Wannan gaskiya ce, kuma dole a faɗa wa masu kyamara ita ba tare da sassauci ba. Wanda ya laɓe ya ɗauki mabaraci yana cin abinci, ko matar aure tana wanki, ko mahaukaci tsirara, domin a yaba masa a Facebook, ɓarawo ne, ya kuma zama irin baƙon da ake kuka da shi ko da a unguwar aka haife shi. Mutum halittar Allah ne, talaucinsa ba kayan ado ba ne. Amma maganin wannan ladabi ne. A yi sallama, a nemi izini, a nuna wa mutum hotonsa, idan ya ce a goge a goge. Kada a ɗauki yaro sai da sanin iyayensa. Idan da hali a wanke hoton a kai wa mai shi. Ba a rufe rijiya domin wani ya sha ruwa da hannun hagu.

Ta biyu ita ce hatsari. Hoton da ya tona asirin azzalumi yana iya nuna masa fuskar wanda zai kama. Wannan ma gaskiya ne, a lokacin yaƙi kuwa an sha tare mutane a shingaye ana binciken wayoyinsu, hoto guda yana iya jawo wa mutum ɗauri ko abin da ya fi haka. Saboda haka mai hankali ya san ɗauka dabam, watsawa dabam. Akwai hoton da za a ajiye shekara goma kafin a nuna shi, akwai wanda za a rufe fuskokin da ke ciki. Babu hoton da ya kai ran mutum. Amma a lura, wannan hujja tana tabbatar da ƙarfin hoto ne, ba ta rage shi ba.

Ta uku ita ce ciki. Suna cewa a ƙasar da ake fama da yunwa, wa yake da lokacin hoto? Dā can da ake sayen fim a kai wanki, wannan magana tana da nauyi. Yanzu kuwa wayar da take aljihun ɗan acaɓa ta isa. Hoton da ya fi kowane suna a juyin 2019 da waya aka ɗauke shi. Mutanen da suke cewa babu lokacin ɗaukar hoton gari, su ne suke cika wayoyinsu da hotunan fuskarsu da na kwanon abincinsu. Ashe ba lokaci aka rasa ba, an dai raina garin ne.

Ta huɗu ita ce, hoto yana ƙarya. Lalle yana yi. Mai ɗauka yana zaɓen abin da zai shiga da abin da zai bari a waje, yanzu kuma kwamfuta tana iya ƙirƙiro abin da bai taɓa faruwa ba. Amma shaidar mutum ɗaya ce take da sauƙin murɗewa. Idan mutum ɗari sun ɗauki titi ɗaya daga kusurwa ɗari, kowane da ranarsa da wurinsa, maƙaryaci ya shiga uku. Yawan shaidu shi ne maganin shaidar zur.

Gemun ɗan'uwa

Kada mai karatu a Jos ko Kano ko Kaduna ya ce wannan labarin nesa ne. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairu 2002. Yaran da aka haifa bayan haka sun girma har sun yi aure, iyali nawa ne za su iya nuna musu yadda cikinta yake ranar kasuwa ta cika? An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a Kano a 2010 domin faɗaɗa hanya. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta sha gobara a 2016, Kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023, ambaliya kuma ta shanye unguwannin Maiduguri a Satumba 2024. Akwai unguwanni a Kaduna da Jos da dā Kirista da Musulmi suke zaune ƙofa da ƙofa, rikici ya raba su. Yaron da bai taɓa ganin wannan zama ba yana iya ɗauka tatsuniya ce. Gani ya kori ji. Hoton maƙwabta biyu a kan tabarma ɗaya a wata tsohuwar ranar suna ya fi dogon jawabi a kan zaman lafiya.

Bamako tana alfahari da Seydou Keïta da Malick Sidibé, Yamai tana da Philippe Koudjina, domin sun ɗauki mutanen garinsu a lokacin da ba wanda ya ɗauka abin zai zama tarihi. Garuruwan arewacin Nijeriya ma sun yi masu hoto a kowace unguwa, amma akwatunan da yawansu gara ta cinye, ko magada sun zubar da su ranar share ɗaki.

Abin yi ba shi da wuya. Iyaye su daina yi wa yaron da yake da wannan sha'awa dariya, su koya masa ladabin shiga mutane. Ƙungiyoyin matasa da makarantu su ware rana su zaga unguwarsu, su ɗauki kasuwa da tasha da makera da rijiya da wuraren ibada na kowa, da izinin masu wurin. A rubuta rana da wuri a kan kowane hoto, gama hoton da ba shi da kwanan wata rabin shaida ne. A wanke waɗanda suka fi muhimmanci a takarda. A ajiye kwafi a wuri uku, ɗaya a wani gari dabam. A nemi tsofaffin masu shagon hoto tun suna da rai, a kwafe abin da ke akwatunansu, a tambaye su sunayen mutanen da ke ciki. Mahukunta kuma su bambanta barikin soja da kasuwar tumatir, su bar tsare yaro domin ya ɗauki hoton kwata. Idan kwatar ce abin kunya, sai a gyara kwatar.

Mutanen Kartum da suka kwanta ranar Jumma'a 14 ga Afrilu 2023 ba su san cewa washegari za su fara kiran garinsu da "dā" ba. Waɗanda aka yi wa ba'a domin suna yawo da kyamara, su ne suka riƙe wa sauran kamannin gidansu. Idan gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa, ba ya jiran sai ya ji ƙauri.